A Je a Faɗa wa Mma Haleema

Wata huɗu ke nan ana yi wa wata tsohuwa ƙarya a Kumasi, kuma daga nan Springfield ake shirya ƙaryar a aika mata. Sunan tsohuwar Mma Haleema, ta haura shekara tamanin. An ce mata 'yarta Zinatu ta buɗe sabon shago, aiki ya sha kanta, shi ya sa ta daina kira. Zinatu ba ta buɗe shagon komai ba. Ƙari ne ya fito mata a ƙwaƙwalwa. An yi mata tiyata a watan Maris, yanzu kuma kullum da safe, Litinin zuwa Juma'a, ni nake ɗauko ta daga Takoma Park in kai ta asibiti a Washington, a haska mata abin da likitoci ke kira furoton. Wanda ya shirya ƙaryar yayan Zinatu ne, Alhaji Abdul-Shakur. Wanda yake ɗaukar ta ya kai har ɗakin tsohuwa kuwa ƙanin tsohuwar ne, Kawu Muntaka.

Ni Saudatu ce, 'yar Kano, ina zaune a Greenbelt, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Ban haɗa jini da Zinatu ba. An riga an tuna min wannan, don haka kada wani ya wahalar da kansa. Na rubuta ne ga matan ƙungiyarmu, domin da yawanku kun zauna a gabanta ta yi muku kitson sallah, amma ba ku san wace ce ba, ba ku kuma san abin da ake yi mata ba.

A unguwar Aboabo da ke Kumasi aka haife ta, ita ce auta a cikin 'ya'ya uku. Mma tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi tun kafin Zinatu ta san kanta. Idan aka kwashe tukwane da hantsi, Mma za ta zauna a kan tabarma ta cire ɗankwali ta ce, "Zo ki koya." A kan uwarta ta koyi kitso, tana 'yar shekara tara. Ta ce min in tsaga ɗaya ta karkace, Mma ba ta faɗa, ba ta duka. Hannu kawai za ta kai ta shafa, ta warware kan gaba ɗaya, ta ce a sake daga farko. Akwai ranar da suka sake sau huɗu, har aka kira azahar ba a ɗora abinci ba.

Ta yi aure, auren bai daɗe ba, Allah bai ba ta haihuwa ba. A shekarar dubu biyu da huɗu ta ci bizar caca ta taho nan, inda yayanta ya riga ta zuwa. Ta fara da wanke kai da sharar gashi a shagon wasu, har ta samu kujerarta a wani shago kusa da New Hampshire Avenue. Shekara ashirin a tsaye. Baƙaƙen fatar nan ƙasar suna tahowa tun daga Baltimore don hannunta.

A wajen wani suna muka haɗu. Ɗankwalina ya zame, ta leƙo kaina ta ce, "Subhanallahi. Wa ya yi miki wannan ta'asar?"

Na ce, "Ni na yi da kaina."

Ta ce, "To ki nemi gafarar Allah, ki zo shago ranar Talata."

Ko sunanta ban sani ba a lokacin. Tun daga ranar take ce min Bakanuwa, ni kuma ina ce mata 'yar zango. Tana cewa mu Kanawa in muna magana kamar muna karanta labarai a rediyo, ni kuma in ce ita Hausarta an dafa ta da shito, soyayyen yajin nan nasu.

Duk wanda ya san Zinatu ya san Juma'arta. Ƙarfe goma na safe a nan, an sauko daga masallaci a can, za ta juya wa ƙofar shago baya ta kira Mma. Da kati ake yi a da, a kankare lamba, a yi ta ihu layi na katsewa. Da bidiyo ya zo sai abin ya sauya kama. Kafin a gama gaisuwa Mma za ta ce, "Cire ɗankwali. Juya. Sunkuya in ga tsakiya." A wurin Mma abin kunya ne makitsiya ta yini da kai a tsefe, ko da a bayan teku take. Shi ya sa kowace Alhamis da rana, in shago ya lafa, nake zuwa in yi wa Zinatu kitso, ni da ta taɓa ce wa in nemi gafara. Tana riƙe da madubi biyu tana ba ni umarni kamar soja.

"Bakanuwa, layi nake so, ba hanyar akuya ba."

Washegari Mma ta duba ta ce, "Ƙawar nan taki ce ta yi? Ki ce mata ta rage sauri, ba wanda ya biyo ta." Sai da na shekara tara ina kitsa kan nan kafin wata Juma'a tsohuwar ta ƙare wa kan kallo, ta ce, "Yau dai ba laifi." Wallahi na fi jin daɗin wannan a kan ranar da na karɓi takardar zama ɗan ƙasa.

Rabon Zinatu da gida tun shekarar da ta gabaci korona. Bana ta yi niyyar zuwa babbar sallah. Ta sayi atamfa, ta sayi man ciwon gwiwa kwalba shida, har da sabon mataji mai dogon bindi, domin ta ce so take ta zaunar da Mma a tabarmar nan ta kitse ta ko sau ɗaya ne. Akwatin yana nan a bayan ƙofar ɗakinta, rabinsa a cike.

A watan Fabrairu abin ya fito fili. Tana tsakiyar yi wa wata tsohuwar kwastomarta mai suna Olive shuku, sai hannunta ya tsaya. Ta ce min daga baya, ta san akwai abin da ya kamata yatsunta su yi, amma ya ɓace mata. Ta buɗe baki ta ce a miƙo mata mataji, kalmar ta ƙi zuwa. Daga nan ta faɗi. Olive ce ta kira motar asibiti, da rabin kanta a kitse.

Hoto ya nuna ƙari a ɓangaren hagu, saman kunne. A tiyata an cire abin da za a iya cirewa. Ragowar ya manne da wurin da magana take fitowa, likitan ya ce in ya ƙara kai wuƙa nan zai iya fitowa da harshenta gaba ɗaya. Shi ya sa aka tura mu wajen masu furoton. Wata likita ta zana mana a takarda. Ta ce hasken da aka saba ƙona ƙari da shi yana shiga kai ta nan, ya bi ta cikin ƙarin, ya fita ta can, duk abin da ya ratsa sai ya taɓa shi. Shi kuwa furoton ana auna masa zurfin da zai kai, ya sauke zafinsa a kan ƙarin, ya tsaya nan. Abin da ke bayan ƙarin ya fi samun tsira. Ta ce ba tsafi ba ne, ba ta kuma yi mana alkawarin warkewa ba, amma a wuri irin wannan duk ɗan abin da aka kare yana da amfani.

Ni ina ta gyaɗa kai ban gama ganewa ba. Zinatu ta daɗe tana neman kalmomi, sannan ta ce, "Allura. Ɗinkin gashi. In kin iya... ba ta taɓa fata." Na fassara wa likitar, ta yi dariya ta ce haka ne, za ta ari wannan bayanin.

Kafin a fara sai da aka yi mata raga. Wata roba ce mai huji-huji, a ɗumama ta ta yi laushi, a shimfiɗa a fuskar mutum har ta sandare da siffarsa. Kullum da ita ake ɗaure kan a jikin gado, don kada ya gusa ko da kaurin zare. Ma'aikaciyar da ke kula da mu, Debbie, ta ce yadda kan yake ranar da aka yi ragar, haka zai zauna har a gama zuwa talatin. Ba kitso. Gefen hagu tuni an aske shi a tiyata, gefen dama ne na lallaɓa na kitse mata don ta ji ita ma mace ce. A ɗakin jira na zauna na tsefe shi da hannuna. Daga mako na uku gashin da ya fara tsirowa a hagu ya zube, faɗin tafin hannu, daidai inda hasken ke shiga.

To, ku ji inda Alhaji ya shigo. Kwana biyu bayan tiyata, tana kwance kai a naɗe, ya zo ya zauna a bakin gado ya ce, "Auta, Mma ba za ta ji wannan ba. Kin san jininta. In ta ji ta faɗi, ke kika ja. Ki yi min alkawari." Mace da ko sunan cokali ba ta iya kamawa a ranar, ya sa ta ɗaga kai ta ce to. Bidiyo ya haramta, don Mma za ta ce a cire ɗankwali. Kira ma ya haramta, don Mma za ta ji maganar ta sauya. Sau ɗaya ya zo da wayarsa ya ce ta yi saƙon murya. Sai da ta maimaita sau goma sha ɗaya kafin ya samu wanda ba ta sarƙe ba: "Mma, ina lafiya. Aiki ne." Ya tura.

Mma ba ta karatu, amma ta iya danna waya ta yi magana. Amsarta ta iso a ranar: "Wata biyu, abin da na samu ke nan? Ko mai bara ana yi masa magana fiye da haka."

A ɗakin hasken ba a barin kowa ya tsaya da majiyyaci. A ɗaure mutum, a daidaita shi, kowa ya fita a rufe wata ƙatuwar ƙofa, suna kallonsa ta kyamara. Ba ya zafi, in ji Zinatu, sai dai wani lokaci tana jin wari kamar na ruwan wanke banɗaki. Abin da ya fi damun ta shi ne shirun. Debbie ta tambaye ta wane kiɗa take so a sa mata, sai ta miƙa wayarta. Tana da saƙonnin muryar Mma na shekara da shekaru, ba ta taɓa share ko ɗaya ba. Mma tana yi mata addu'a, Mma tana ba da labarin wadda ta haihu a layinsu, Mma tana zagin akuyar maƙwabta da ta shigo ta ci mata gero. Da su ake haska ta.

A zuwa na goma sha takwas Debbie ta fito ta same ni a ɗakin jira. Da Turanci ta ce muryar mahaifiyar nan akwai daɗi, addu'a take yi ko? Ta ce ta tambaya ne don yau ta ga hawaye na bin ƙasan ragar har cikin kunne, ga shi ba dama a motsa a share. Ashe wayar ta zarce ta shiga sabon saƙo. A mota na saurara.

"Zinatu. Haleema ce, wadda ta haife ki, in kin manta sunan. Muntaka ya ce kin yi shago biyu. Allah ya sa albarka, ya ƙara na uku. Ni dai na daina sa a kawo min kujera bakin taga ranar Juma'a, gwiwata ba ta son jiran banza. Ban san abin da na yi miki ba. In na yi, ki faɗa min tun ina nan."

Na ajiye motar a gefen titi, don ban iya ganin gabana. Zinatu tana ta buga ƙirjinta da yatsa tana cewa, "Ba ta... ba ta yi... ba ta..." Ƙarshen maganar bai zo ba.

Asabar ɗin na bi babbar hanyar Beltway har gidan Alhaji a Springfield. Na gaishe da Alhaji yadda ya kamata, na durƙusa, na tambayi iyali. Ya ce a kawo min lemo. Na ce a bar lemon, na kunna masa saƙon. Ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa.

Ya ce, "Hajiya Saudatu, ba ki san komai ba. Ba kya nan lokacin Abdul-Samad."

Na san labarin. Abdul-Samad shi ne na tsakiyarsu, ya rasu a haɗarin mota a Italiya shekaru goma sha uku da suka wuce. Wani abokinsa mara hankali ya bugo wa Mma kai tsaye, tana tsaye a gaban kaskon suya. Nan ta zube, mai ya ƙone mata hannu, ta yi wata guda a asibiti. Alhaji ya ce tun ranar ya rantse ba za a sake kai wa uwarsa mugun labari ta waya ba.

Ya ce, "Mu a wurinmu ba a faɗa wa tsoho ciwo ta waya. Ku ma a Kano haka ne. A bari ta warke, ta je da ƙafarta, sai a ba da labari ana dariya."

Na ce, "Alhaji, in ba ta warke ba fa?"

Ya ce, "Ki faɗi alheri."

Na ce, "Alherin nake faɗa. Gaskiya ne, ba a faɗa wa tsoho ta waya. Amma al'adar ba a nan ta tsaya ba. Ana tura babba ya je da ƙafarsa, ya zauna, ya sha ruwa, a kira wata tsohuwa ta zauna kusa, a yi addu'a, sannan a faɗa a hankali. Shi ne amfanin kawu. Ku kun riƙe rabin farko kun jefar da na biyu. Kawu yana zuwa da ƙafarsa, yana zama, yana shan ruwan, amma ƙarya yake kaiwa."

Ya miƙe tsaye ya ce, "Maganar gida ce wannan. Ke ƙawa ce."

Na ce, "Ƙawar ce take ganin ta ƙarfe goma na Juma'a."

Ban ce Alhaji mugu ne ba. Yana zuwa dubiya ranar Lahadi da kular waakye, shinkafa da wake irin na garinsu, yana kuka in ya fita baranda, na gan shi da idona. Tsoro ne yake ji. Amma tsoron nasa Zinatu ce take ɗauke da shi a kai, tare da ƙarin.

Ga abin da yake faruwa ƙarfe goma na Juma'a. Mun fito daga asibiti, muna kan hanyar komawa Takoma Park, ta gaji liƙis. Ba ta duba agogo, jikinta ne ya san lokacin. Sai ta ciro wayar ta buɗe hoton Mma ta ɗora a cinya. Ta gyara zaman ɗankwalinta. Wani lokaci Mma ta kira, don duk abin da ta faɗa a saƙon nan, takan kira. Wayar ta yi ta rawa a cinyar Zinatu, ita kuma ta zuba mata ido har ta katse. Ni ina tuƙi. Tawa uwar ta rasu ina ƙasar nan, sai bayan sadakar bakwai aka ga dama aka faɗa min, don kada hankalina ya tashi. Har yau bai kwanta ba.

Yau mun yi zuwa na ashirin da biyu, saura takwas. Likita ta ce maganar tana iya dawowa a hankali, tana kuma iya ƙara nauyi na wani lokaci saboda kumburi, ba wanda zai rantse. Abin da na sani, da safe harshenta ya fi sakuwa, kuma Hausa ta fi zuwar mata a kan Turanci. Jiya muna jiran lifta ta kama hannuna ta yi magana mafi tsawo da na ji daga bakinta cikin wata guda. Ta ce, "Bakanuwa, ba mutuwa nake tsoro ba. Kada Mma ta tafi tana cewa na yar da ita." Mma ta haura tamanin. Zinatu tana da ƙari a kai. Wace ce a cikinsu Alhaji ya samu takardar cewa za ta jira shi?

Lambar Mma tana wayata. Ban kira ba, ba kuma zan kira ba, domin ba zan zama abokin Abdul-Samad ba. Tsohuwar nan tana buƙatar mutum a gefenta lokacin da za ta ji.

Don haka, Alhaji Abdul-Shakur, ka ɗauki waya yau ka kira Kawu Muntaka. Kawu, ranar Alhamis bayan la'asar ka tafi Aboabo da ƙafarka. Ka ɗauki matar liman, ka nemi wata nas a unguwa ta zo da abin awon jini, ku tabbatar Mma ta sha maganinta, ku zaunar da ita. Ka fara da cewa 'yarta tana raye, tana cin abinci, tana hannun likitoci. Sannan ka faɗa mata sauran, har da cewa kai ka kawo mata labarin shago, kada ka bar laifin a kan Zinatu. Kai kuma Alhaji, ka zo Takoma Park ka kalli ƙanwarka ka ce ka warware mata alkawarin da ka ɗaura mata a gadon asibiti, don ba za ta karya shi da kanta ba. Ranar Juma'a ƙarfe goma zan ajiye mota in danna kiran bidiyo. Ku sa akwai wanda zai riƙe wa Mma wayar.